Minti Goma na Baba

Ranar da aka kawo wa Auta sabuwar kwamfuta a ofishin mahaifinta, inda ake zana taswirar gidaje, an haɗo mata da abin da ba ta yi oda ba: wani dogon injiniya mai sanyin murya. Ya ce, "Sannu da aiki." Ta ɗago kai ta dube shi.

Aikin na rabin awa ne, ya haɗa kwamfutar da sabar, babbar na'urar da ke ajiye zane-zanen ofishin. Amma da Auta ta sa sunanta da kalmar sirri, sai sabar ta ƙi ta. Ya canja waya, ya goge asusun ya buɗe sabo, duk a banza. Kwana huɗu yana zarya, yana zama a kujerar kusa da tata, kuma maganar gaskiya Auta ba ta ƙosa a gyara ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, yau ma na kasa. Amma ban taɓa jin daɗin kasawa irin wannan ba."

Ta mayar masa: "Injiniyana, kar ka damu. Kujerarka tana nan."

Manaja, wanda ya daɗe yana yi wa Auta kallon tasa, ya kai wa Baba tsegumi cewa da gangan yaron ke jan aikin don neman Auta. Baba ya kira ta rai a ɓace.

"Wanda ya kasa haɗa kwamfuta ɗaya ne zai riƙe min 'ya? Gobe in bai gyara ba, kar in sake ganin ƙafarsa a nan."

Washegari Injiniya ya zo idonsa jajir. Can sai ya ƙura wa kusurwar allon sabar ido, ya dubi wayarsa.

"Gimbiya, agogon sabar yana gaba da minti goma. In bambancin lokaci ya wuce minti biyar, ba ta karɓar kowa. Tsofaffin kwamfutocin sun bi nata, taki ce kaɗai ke kan daidai."

Auta ta dafe ƙirji. "Wayyo, Baba ne! Kowane agogo a nan sai ya sa an tura shi gaba, wai don kar a makara. Don Allah ka ƙara wa tawa minti goman, mu yi shiru. Baba ba ya son a ce ya yi kuskure."

"In na yi haka, sabuwar da za a saya gaba ma za ta ƙi. Kuma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

Ya shiga ofishin Baba ya ja ƙofa. Auta ta laɓe a bakin ƙofar. Ta ji yana bayani a hankali, cikin ladabi. Ta fara share hawaye.

Can ta ji muryar Baba. "An ce da gangan kake jan aikin. Me ya hana ka faɗa a gaban ma'aikata ka wanke kanka?"

"Baba, ba zan wanke kaina da girmanka ba."

Sai Baba ya fashe da dariya. "Shekara ashirin kowa na ganin agogon nan, babu mai ƙarfin halin gaya min. Je ka gyara. Ke kuma mai laɓe, shigo, ina ganin takalminki."

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. Da za a rabu, Baba ya zaunar da su gabansa, ya dubi angon.

"Na ba ka ita ne don ka iya faɗa min gaskiya ba ka zubar min da mutunci ba. Ita ma haka za ka riƙa yi mata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Auta ta buɗe baki za ta ce amin, kuka ya riga ta. Injiniya ya riƙe hannunta ya ce amin ɗin a madadinsu su biyu.