Saki Ɗaya a Ƙofar Makaranta

"Mi kika ce, Rashida? Sake faɗi in ji."

Ban sake faɗi ba, amma ya riga ya ji. Ina tsaye bakin murhu da muciya a hannuna, shi kuma yana bakin zaure, ƙurar gero ta yi masa fari a gira. Abin da na ce shi ne, da ya yi karatun boko da bai tsaya sauraron surutun 'yan kasuwa ba. Shekara goma sha uku muna tare da Labbo, ban taɓa goranta masa wannan ba sai ranar.

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya ce a hankali, "To, tunda haka ne, ranar da kika taka ƙofar makarantar nan, na sake ki."

Ya juya ya fita. Tuwon ya kama a tukunya, sai da ɗiyata Rahina ta ce tana jin ƙauri sannan na tuna da shi.

Labbo dillalin hatsi ne a kasuwar Ƙaura Namoda, kuma auren soyayya muka yi. Na gama sakandare a Shinkafi, sakamakon bai yi kyau ba, ban ko damu ba domin hankalina yana wurinsa. Muka haifi uku, Jamilu ne na fari, muna zamanmu lafiya.

Rasuwar ƙanwata Kulsumu ce ta sauya min komai. A Jangeru take aure. Da naƙuda ta tsananta mata aka ce a kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa, ta ƙi, saboda ma'aikacin wurin namiji ne. Sai da jini ya ɓalle mata ta yarda, ta cika a cikin mota kafin su kai Shinkafi.

Da muka dawo daga zaman makoki, Labbo da kansa ya ce da akwai mace a asibitin nan da Kulsumu ba ta ji nauyin zuwa ba. Shi ya ce in koma karatu. Shi yake ɗaukata a babur ya kai ni ajin yamma, in zauna cikin 'yan matan da na kusa haifa. Na faɗi jarrabawa karon farko, ya ce in sake, na sake na ci. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ko'ina maganar da ake yi ita ce a samu mata masu duba mata. Na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Gusau.

Daga nan 'yan rumfarsu suka sa shi gaba. Suna kiransa mijin nas. Wani ya ce masa ƙattan maza zan riƙa yi wa wanka, wani ya ce in na dawo da Turanci a bakina ba zan iya zama da mai auna gero ba. Ya daure har ya gaji, ranar ya dawo ya ce in ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Ni kuma bakina ya riga hankalina.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Yana cin abinci wurin mahaifiyarsa Hajiya, ya shigo ya wuce ɗakinsa. Na kwashe kayan da na shirya a akwati na mayar cikin sif. Na gaya wa zuciyata aurena ya fi min kowane karatu, kuma gaskiya ce, amma duk da haka in na ga fararen kayan nas da aka ɗinka min sai hawaye su zubo.

Wata safiya bayan yara sun tafi makaranta, ya zo ya zauna a gefen tabarmata. Idanunsa sun faɗa.

"Rashi... na yi ɓarna."

Na ce ni na fara, ya yafe min. Ya girgiza kai. Ashe tun washegarin ranar yake yawo yana tambaya ko ana iya janye irin wannan magana. Wani ya ce masa ba a janyewa. Wani ma ya ce saki uku ne zai faɗa gaba ɗaya, kuma alƙalan yanzu ba su wasa da batun aure. Tun da ya ji haka ya kasa barci.

"To ai shi ke nan, Baban Jamilu," na ce. "Ba zan je ba. In ban taka ba, babu abin da zai faru."

"Za ki je."

"In na je na rasa ka..."

"In ba ki je ba, kullum na dube ki sai na tuna ni na kashe miki wannan abu da bakina. Ba zan iya ba, masoyiyata."

Muka zauna, kafaɗata jingine da tasa. Muna son juna, muna son abu ɗaya, amma kalma guda ta tare mana hanya.

Hajiya ce ta lura da ramar da muka yi, ta titsiye shi har ya gaya mata. Ta yi masa faɗan da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. Ta ce ita da ta riga ta gyara ɗaki domin jikokinta su koma wurinta, shi ne zai bari mutanen da ba su san ciwon haihuwa ba su raba masa gida. Ta juyo kaina ni ma ta ba ni nawa rabon, ta ce ilimin da zai sa mace ta raina mijinta ba shi aka aike ni nema ba. Sannan ta ce mu bar tambayar 'yan kasuwa, mu tafi Zurmi wurin yayanta, Kawu Sanda, wanda ya yi muhuti, wato mai ba alƙali fatawa, a kotu har ya ajiye aiki.

Mun same shi da hantsi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, yana gyara tabarau da zare. Ya saurare mu bai katse mu ba. Ya sa Labbo ya maimaita kalmomin yadda suka fito daga bakinsa, ni ma ya tambaye ni ko haka na ji. Ya tambaya ko saki ya taɓa shiga tsakaninmu, muka ce ko yaji ban taɓa yi ba.

"Da ka faɗa, nawa ka nufa?"

"Ɗaya, Kawu... wallahi ko ɗayan ma ban nufa ba, zafin zuciya ne."

Kawu ya ajiye tabarau ɗin a gefe. Ya ce janyewa dai babu, ranar da na taka ƙofar saki ya auku. Na sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a hijabina.

"Dakata, ɗiyata, ban gama ba," in ji shi. "Saki ɗaya ne. Mai saki ɗaya kuwa yana da ikon mayar da matarsa muddin tana cikin idda, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. In ya so, a nan take."

Labbo ya rufe fuska da tafin hannunsa yana ta hamdala.

Amma Kawu bai bar mu mun yi murna kyauta ba. Ya ce mu sani igiya uku Allah ya ba mu, ɗaya za ta tafi ke nan ba ta dawowa, don haka mu auna ko karatun ya kai a biya masa wannan. Labbo ne ya ɗago ya ce ya kai, kuma shi ya jawo, zai zauna da sauran biyun yana kaffa-kaffa da harshensa har ya mutu.

Ranar tafiya, Kawu ya zo Ƙaura da sassafe ya ce da shi za a je ya yi shaida. Nuhu, aminin Labbo mai motar haya, shi ya kai mu, shi ne shaida na biyu. Hajiya ta riƙe yaran a ƙofar gida, autana yana kuka, ita tana ce min in tafi kada in waiwayo.

A bakin makarantar 'yan mata suna ta shiga da akwatunansu suna dariya. Ni kuwa na tsaya cak, taku ɗaya tsakanina da ƙofar. Na san hukuncin, na yarda da Kawu, amma ƙafata ta ƙi ɗagawa. Tunanin cewa ko na ƙiftawar ido ne zan zama ba matar Labbo ba ya tsorata ni.

Labbo ya matso kusa da kunnena. "Shiga, Rashi. Ina nan, ba inda zan je."

Na yi bismillah na ɗaga ƙafa. Ban kai ga saukewa ba na ji ya fara, "Na mayar da..."

"Kai, bari ta shiga tukuna," in ji Kawu. "Ba a mayar da wadda ba a saka ba."

Nuhu ya ƙunshe dariya. Na sauke ƙafa ɗaya, na jawo ta biyu, na juyo ina kallon Labbo daga ciki.

"Ku shaida, na mayar da matata Rashida," ya ce. "Na mayar da ita."

Kawu da Nuhu suka ce sun shaida, Kawu ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a. Ni dariya nake yi, hawaye suna zuba, 'yan matan da ke wucewa suna kallona ba su san abin da ya faru ba.

Labbo ya saɓi akwatina zai shigo da shi, sai maigadi, wani dattijo mai sanda, ya tare shi. Ya ce maza ba su wuce nan, sai dai in mijin ɗaliba ne ya rako ta.

"Matarka ce?"

Labbo ya dube ni, ya gyara akwatin a kafaɗarsa.

"Matata ce, Baba," ya ce. "Nas za ta zama."

Dattijon ya janye sandarsa, muka shiga tare.