Hannun da Bai Ɗaura Waya Ba

Rana ta faɗi a Birchi. Hawwa'u na tuƙa tuwo, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo shi ya fasa randa. Sannan warin fetur ya cika gidan, gidan da ko babur babu.

Mijinta Kamilu na zaune kan tabarma, bai ɗaga kai ba. Aikinsa wankin manyan tankunan man soja ne, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Kwanan baya abokin aikinsa Usaini ya sauka cikin tanki sanye da rigar ƙwallo ta roba, irin wadda in ta gogi jiki da rani take tartsatsi. Wayar da ake ɗaura wa tanki don ta zuƙe wutar zuwa ƙasa kuwa, ba a ɗaura ba. Tururin mai ya kama, tankin ya tashi da Usaini.

'Yarsu Kyauta ta fito daga ɗaki, gashinta a miƙe. Uwar ta kai mata hannu, tartsatsi ya jefar da ita gefen murhu. Yarinyar ta ɗaga ubanta ta maka shi da bango, ta kafa masa haƙora a kafaɗa.

Da ƙyar maƙwabta suka danne ta, aka ɗauko Malam Manu daga Kutawa. Ya daɗe yana karatu a kunnenta. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"A gindin tankin nan nake zaune da 'ya'yana. Sun ƙone. Uban yarinyar nan aka ba wayar ya ɗaura, ya ce ana sauri."

Malam ya ce, "Fita. Yarinya ba ta yi maka komai ba."

"Rai nake so."

"Rai na Allah ne."

Malam ya ƙara ɗaga murya da karatu. Kan Kyauta ya yi ta bugun ƙasa, jini na zuba ta hanci.

Muryar ta ce, "To, hannun. Hannun da bai ɗaura ba."

Malam Manu ya ce, "Kada ka ba shi, Malam Kamilu."

Kamilu ya dubi jinin 'yarsa a ƙasa. Ya miƙa hannun dama. Yatsun yarinyar suka cafke shi, aka ji ƙashi na kakkaryewa kamar karan dawa. Ta yi atishawa, ta sulale.

Kyauta ta buɗe ido, ta ga hannun yana reto.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Ya ce, "Faɗuwa na yi. Tashi ki sha ruwa."