Ƙarshen Da Aka Yanke

In mijin 'yarka ya fara cewa shi babu tarkon da zai kama shi, ka je ka ɗauko ta tun da sauran rana. Ni na makara.

Surukina fim yake shiryawa, irin na ban tsoro. Darakta ake ce masa. In ana kallo a shagona na ɗinki, ba ya barin kowa ya ji daɗi. "Baba, wannan mai yawan dariyar ita za ta fara mutuwa. Wancan salihin kuma shi ne mugun, jira ƙarshe ka gani." Kuma haka ake yi. Sai dai nasa fina-finan ko kare ba ya kallo.

Ganin ya haddace duk dabarun bokayen fim, sai ya tafi wurin na gaske. Shi da bakinsa ya ba ni labarin daga baya.

Wani ɗaki ne a bayan mayanka, ƙasansa ya yi danƙo da tsohon jini. Babu jan ƙyalle, babu ƙoƙon kai. Tukunya ce guda an rufe da ɗanyar fata, tsutsotsi na gangarowa ta gefenta. Bokan na zaune dab da ita yana cin abinci.

"Na san aikinku," in ji Darakta. "Ba na ba da uwa, ba na ba da mata, ba na ba da ɗa."

Boka ya suɗe yatsa. "Yaro ya yi karatu. Me zan yi da gyatumarka? Ku masu fim kun kashe mana kasuwa, kullum wanda ya zo wurinmu a bola yake ƙarewa. Ka ɗauki fim ɗinka har ƙarshe, sai ka yanke inda masifa ta sauka, ka kawo mini. A tashi kallo mutumin yana cikin daularsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya kai masa a ɗan katin memori. Boka ya ɗaga fatar ya jefa, ya kamfato ruwan ciki ya sa shi wanke fuska.

Fim ya fita, gari ya ɗauka. Wai ba a taɓa ganin irin wannan ƙarshe ba, mugu ya ci bulus. Aka yi mota, aka yi gidan sama. Samari suka fara tambayar hanyar bayan mayanka. Tir!

A wurin da aka yanke, uwar mutumin da ya je wurin boka a fim ɗin ce ke kumbura ta mutu. Mahaifiyar Darakta ta kumbura har sai da aka tsaga rigar jikinta. Ya ce ciwon ƙoda ne, ya yi fim na biyu, ya kai wa boka ƙarshensa. Aka tsinci ƙaninsa a bakin kwata yana kamfata yana sha, daidai yadda aka ɗauka a fim.

Ranar da ya zo shagona yana kuka, na ce, "To ka tsaya mana!"

"Baba, na riga na kai na uku."

"Wa ke mutuwa a ciki?"

"Ƙarshe kala-kala na ɗauka, don kada 'yan wasa su tsegunta wa mutane. A ɗaya matar ce. A ɗaya jaririn. A ɗaya shi mutumin ne ke haukacewa."

Na shaƙe wuyan rigarsa. "Wanne ka kai?"

Ya dube ni, ya fashe da dariya. Har yau bai daina ba. Yana can bayan tasha cikin tsumma, yana daka wa ƙudaje tsawa su tsaya a ɗauka. Gidan saman kuwa ya fara wari, an rasa mai saye.

Mai kwaɗayi, ka ji da kyau: sanin tarko ba ya hana shi kamu, kuma dukiyar boka naman gidanka take ci.

Na ɗauko 'yata da jikana. In ta yi tari sai allura ta soke ni, in jikinsa ya yi ɗumi sai in rufe shago. Wasu na cewa haukan nan shi ne biyan, ya zaɓi kansa, an gama. Wasu na cewa abin da ya aikata ne ya juya masa kai, biyan yana tafe.

Ban san wanne aka jefa a tukunyar ba.