Cibiyar Unaisi

A bayan gidana akwai wata bishiyar kwakwa da na dasa da hannuna. Ta yi tsawo har ta wuce rufin coci, amma ba ta taɓa yin ɗa ba. Baƙi kan ce in sare ta. Mutanen ƙauyenmu ba sa cewa komai, don sun san abin da ke ƙarƙashinta da abin da babu. Ku matso in ba ku labarin, musamman ku samarin da idonku ba ya sauka daga kan motar maƙwabci.

Kitione taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma shi ya auri ƙanwata Torika. Tare muka yi saran rake a gonakin bayan garin Lautoka tun gashin baki bai fito mana ba. Ni na tsaya a kan adda, shi kuwa ya ce hannunsa ya fi ƙarfin kanta. Ya kafa rumfar kwano ya fara dafa alewa mai danƙo, irin wadda ke lotsawa a baki, yana kaiwa tashar mota. Sai dai danƙon da ke daskarar da ita daga fatar alade ko ƙashin saniya ake samo shi, rabin masu kuɗin garin kuwa Indiyawa ne. Mai bin Hindu ya tambayi abin da ke ciki ya ajiye. Musulmi ya tambaya ya ajiye. Da ya gwada danƙon kifi, ƙarni ya kori har yaranmu.

“Taubashi,” na ce masa wata rana, “alewar nan taka ko ƙuda sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya sauka.”

“Yi dariyarka, Manasa. Da wannan rigar taka ta zuwa coci za ka goge mini tayar mota.”

Muka yi dariya tare. Ni wasa nake, shi ashe rantsuwa yake yi.

Abin da ya faru a kan tudu shi da bakinsa ya faɗa mini, a ranar da faɗar ba ta da sauran amfani. Can kan tudun, inda gonakin rake suka ƙare, akwai wani tsohon ɗakin awon rake, a ciki wani mutum ke zaune da ake kira Dokta Rusiate. Ya yi aiki a ɗakin binciken Turawa a Brisbane, suka sallame shi, ba wanda ya san dalili. Da rana tsaka Kitione ya je, rana na dukan kwano, amma da ya shiga sai da ya ji sanyi a haƙoransa. Ɗakin gaba cike yake da tukwanen ƙarfe masu bututu, suna gurnani a hankali, ga wari kamar an haɗa ƙullin burodi da romon ƙafar saniya. Dokta bai tsaya nan ba. Ya ɗaga labule suka shiga ɗakin baya.

Nan babu ƙarfe ko ɗaya. Tabarma ce, da baƙin akushin dama yangona, saiwar nan da muke sha a taro, wanda da gani bai taɓa ganin wanki ba, da haƙorin kifin teku rataye a bango, ya yi baƙi da hayaƙi. Ku kun san igiyar akushi wajen babban baƙo ake miƙa ta. Wannan an miƙa ta wajen wata kusurwa da babu kowa. Dokta ya dama yangona, ya cika ƙoƙon farko, ya tsiyaye shi a ƙasa a wannan kusurwar. Ƙasar ta shanye ba ta bar danshi ba. Sai aka yi tafi daga kusurwar, irin tafin wanda ya sha ya gode.

“Zauna, ɗana, ba da kai yake ba tukuna,” in ji Dokta. “Danƙo kake so wanda ba alade ba saniya.”

“Shi ne, ranka ya daɗe.”

“Yis, abin nan mai kumbura burodi, wawa ne, abin da ka rubuta masa shi zai yi. A jikin kowane mutum akwai rubutun da ke koya wa fata da ƙashi yin danƙo. In na ciro shi na sa wa yis, ka ba shi ruwan rake, zai yi ta zubo maka danƙo fari tas.”

“Mutum fa ka ce.”

“Ka ga wuƙa a nan? Ba a yanka kowa. Turawa ma suna yi, sannan su zauna suna gardamar ko ya dace. Nasu ɗan kaɗan yake bayarwa. Nawa ba ya ƙarewa, don ni ina da mai taya ni.” Ya ɗan karkata kai wajen kusurwar. “Matarka ta kusa haihuwa.”

Kitione ya ce a nan ne ya so ya tashi, ƙafarsa ta ƙi. Ni dai na ce zuciyarsa ce ta ƙi.

“Cibiyar jaririn nake so, wadda ba ta taɓa ƙasa ba.”

“Ɗebi jinina mana. Ga hannu.”

“Jininka da mai shi. Taka cibiyar na ƙarƙashin kwakwa a garin uwarka, ƙasa ta riƙe ka. Wanda ƙasa ba ta san shi ba nake so.”

“Me zai sami ɗan?”

“Me ya sami yatsanka da ka yanke ƙumba? Abin yarwa ne, ku ne kuka mayar da shi abin biki.” Ya miƙa masa ƙoƙo na biyu. “Abin da tukunya ta ba ka, daga wani wuri take ɗebowa. Ban ɓoye maka ba.”

Kitione bai tambayi daga ina ba. Ya tafa, ya karɓa, ya shanye.

Torika ta haifi mace, aka sa mata Unaisi. Da cibiya ta faɗi, Kitione ya zo gidana da kansa, ya durƙusa kamar mutumin kirki, ya miƙo mini ƙunshi a cikin ƙyallen ɓawon itace, an ɗaure tam. Ya ce tunda ni ne kawunta, a ƙasata yake so a binne, yarinya ta san gidan kawunta gidanta ne. Sai da na yi hawaye don daɗi. Na haƙa rami, na sa ƙunshin, na ɗora kwakwa mai tsiro, muka sha yangona muka yi addu'a. Ba a buɗe irin wannan ƙunshi, ba a kuwa zargin uba.

Kafin Unaisi ta iya tafiya, rumfar kwano ta zama masana'anta. A jikin kowace leda an rubuta BA ALADE BA SANIYA, kuma gaskiya ne. Aka yi ta saye a bikin fitilu na Hindu, aka saya a bikin salla, mu ma muka raba wa yara a coci ranar Kirsimeti. Masu haɗa magani suka zo neman danƙon don yin kwanson ƙwaya. Kitione ya gina gida mai hawa biyu, ya sa wa coci sabon rufi, aka mayar da shi kujerar gaba. Ranar da ya kawo sabuwar motarsa ya tsaya a ƙofata ya danna oda.

“Ina rigar cocin, taubashi?”

“Tana wanki. Kawo taka, ai ta fi tsada, za ta fi goge ƙura.”

Na yi murna da arzikinsa, Allah ya sani. Ban taɓa yi masa hassada ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Unaisi ta taso yarinya mai fara'a, amma ba ta zama wuri guda. Ta ɗaga tabarma, ta buɗe tukunya, ta zazzage jakar baƙo, ta tona ƙasa da yatsu. In ka ce me kike nema, sai ta ce ita ma ba ta sani ba. Tsohuwa Asinate, uwar Kitione, ita ta fara magana.

“Yarinyar nan nema take. Ɗan da aka binne wa cibiya ba ya wannan lalube. Manasa, da hannunka ka binne?”

“Da hannuna, Goggo.”

Ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Daga ranar ba ta ƙara cin abincin gidansa ba. Bayan ɗan lokaci aka same ta zaune a ƙofar masana'anta, ta jingina da bango, rai ya fita. Masu wankan gawa suka ce hannuwanta sun yi laushi kamar babu ƙashi a ciki, aka ce musu su riƙe bakinsu.

Sai abin ya dawo kan Unaisi. Duk makon da manyan motoci suka kwashi kaya, sai ta kwanta. Gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa, fatarta ta riƙa darewa da ɗan ƙarzane, haƙoranta suka yi ta girgiɗi. Likitocin birnin Suva suka ce abin da ke riƙe jikinta ne ke ƙarewa, ba su san inda yake tafiya ba. A kwance ma ba ta daina lalube ba. In na je dubiya sai ta zaro jar alewa daga ƙarƙashin matashi, don ta san ita na fi so.

“Kawu, buɗe baki.”

In buɗe, ta sa mini, ita ma ta ci ɗaya.

Mace ba ta zama ta yi doguwar magana da yayanta namiji, haka muka taso. Don haka ranar da na ga Torika ta shigo har tsakar ɗakina ta dube ni ido cikin ido, na san an kai maƙura.

“Yaya, ka tona gindin kwakwar nan.”

“Kin san ba a yi.”

“Na sani. Ka tona.”

Na tona. Ƙyallen ya ruɓe, amma abin da ke ciki bai ruɓe ba, don guntuwar igiyar roba ce, irin ta jan kwalekwale. Ita na yi wa addu'a, ita na yi shekaru ina yi wa ban ruwa. Torika ta ɗauka ta juya ta a hannu, ba ta yi kuka ba.

A ofishinsa na same shi, na ajiye masa igiyar a kan tebur. Nan ya faɗa mini duk abin da na ba ku, yana kuka da majina. Ya ce cibiyar ba ta nan, ta narke a cikin uwar yis ɗin, wadda ake ɗiba ana ɗura wa sauran tukwane.

“To ka ba ni uwar in binne,” na ce. “Ƙasa ta san yarinyar nan ko yaya ne.”

“In na ba ka komai ya tsaya, Manasa. Ma'aikata, gida, coci.”

“'Yarka fa, Kitione. Ba taubashinka ke magana ba, kawunta ne.”

Ya ce in dawo gobe. Washegari ya fito mini da kwalba cike da farin ruwa mai kumfa, ya rantse da kabarin uwarsa ita ce ke nan, babu saura. Na rungume shi. Na kai ta gindin kwakwar, limamin coci ya yi addu'a, na rufe rami. Na je na gaya wa Unaisi ta kusa tashi ta yi gudu, ta ce in ta tashi ita za ta fara hawa kwakwarta.

Motoci ba su daina fita ba. Na tambaya, ya ce tsohon kaya ne ake kwashewa. Na yarda. Mutumin da ya ba ni igiyar roba, na sake yarda da shi, don a kaina bai shiga cewa uba zai iya yin haka sau biyu ba.

Unaisi ta rasu ranar da jirgin ruwa ya tashi da kaya zuwa Sydney. Ni na ɗauke ta zuwa kabari, ba ta fi nauyin damin ganye ba. A ranar tukwane suka juye, suka yi baƙi, wari ya rufe unguwa har aka rufe makarantar kusa. Ma'aikata suka gudu, bakinsu ya buɗe. Ɗaya daga cikinsu ne ya gaya mini shi aka aika kanti ya sayo yis ɗin burodi, a gabansa maigida ya dama ya zuba a kwalba.

Na je na tambaye shi dalili. Yana zaune a kan matakalar gidansa, bai ɗago ba.

“Wata ɗaya kawai na so in ƙara, taubashi. Na riga na yi wa mutanen jirgi alkawari.”

Ban doke shi ba. Ban ƙara kiransa taubashi ba kuma.

Gari ya ji abin da ya yi shekaru yana ci. Na ga dattijon Musulmi yana kuka a bakin kantinsa, na ga mata 'yan Hindu suna zubar da buhunan alewa a kwata suna wanke hannu. Mu kuwa da kakanninmu suka tuba suka ajiye cin naman mutum tun zuwan coci, ɗanmu ne ya dawo mana da shi a cikin leda mai launi. Masu ilimi sun zo daga birni suna cewa danƙon da yis ya yi ba naman mutum ba ne. Su je su gaya wa Torika. Tana gidana yanzu, ba ta gane kowa, kullum tana ninke ƙyalle tana ɗaurewa tana miƙo mini in binne. Da 'yan sanda suka hau tudu, ɗakin awon ba kowa, sai akushi da igiyarsa, an juyo ta tana kallon ƙofa.

Banki ya karɓe gidan, coci ta cire rufinsa ta mayar da tsohon kwano. Kitione yana nan da ransa, in kun je kasuwar Lautoka za ku gan shi. Yana ɗaga tabarmin masu rogo, yana zazzage kwandon shara, yana tona ƙasa da yatsu har su yi jini. In an ce me kake nema, sai ya ce shi ma bai sani ba.

Ku samari, duk wanda ya ce zai ba ku dukiya a kan abin yarwa, ku tambaye shi daga ina tukunyarsa ke ɗebowa, ku kuma tsaya ku ji amsa. A jikin ɗan Adam babu abin yarwa, kwaɗayi ne ke kiransa haka. Kitione ya sayar da 'yarsa sau biyu, kuma duka biyun da hannuna ya sa na rufe ramin.

Kwakwar ba zan sare ta ba. Babu abin Unaisi a ƙarƙashinta, na sani. Abin da ya rage nata a ƙasar nan yana jikin waɗanda suka ci, ni kuwa da hannunta ta riƙa sa mini a baki. Na bar wasiyya in na mutu a gindinta za a binne ni, ko ƙasa ta san yarinyar.