Gurbin Ƙarshen Layi

Crisanto ya fara son Amihan tun kafin ya ga fuskarta.

Jajiberin ranar tsarkaka ne, yammacin ƙarshe na Oktoba, an gama kaɗa ƙararrawar magariba a cocin garinmu Sariaya. Yana share dusar katako a shagon kawunsa, inda suke haɗa akwatunan gawa, sai ya ji waƙar rayuka tana tahowa. Ya buɗe ƙofa ya tarar da mutane jere cikin fararen kaya iri ɗaya, fuskoki a lulluɓe, kowa riƙe da kyandir.

Iyalin Dimaano ne. Kowace shekara matan gidan sukan sayi bandir guda na farin yadi, su ɗinka wa kowa, tsoho da yaro, shigar sana'ar wanda ya rasu na baya-bayan nan a dangi, sannan su bi gida-gida suna roƙa wa mamata addu'a. Waccan shekarar ungozoma ce ta rasu, saboda haka har Mang Isidro, maigidan, da gashin bakinsa da jitarsa, cikin rigar ungozoma yake.

Crisanto ya miƙa wainar shinkafa ga wadda ta fi kusa da shi. Ta leƙa shagon ta cikin lulluɓi, ta ce masa ƙasa-ƙasa su rayuka sun riga sun sami nasu akwatunan, kada ya yi musu talla. Dariya ta ƙwace masa. Da ta karɓi wainar, ya lura yatsunta duk tabon allura ne.

Da waɗannan yatsu ya gane ta, wato Amihan, washegari a maƙabarta, tana kunna kyandir a kan kabarin ungozomar. Kafin Kirsimeti saƙonninsu na waya sun zama na safe da yamma.

"Mahal, masoyiyata, yau na yanka katako ba daidai ba, kawu ya yi ta faɗa. Ke ce sila."

"Allah ya sa mai akwatin ba mai ƙorafi ba ne. Ka ci abinci, kafintana."

Mang Isidro, mahaifin Amihan, wanda take kira Tatay, ya karɓe shi hannu biyu. Yakan zaunar da shi a baranda yana koya masa waƙar rayuka, yana ce masa muryarsa ta fi dacewa da korar tsuntsaye daga gona. Aling Remedios, mahaifiyarta, wadda take kira Nanay, takan kawo musu kofi tana murmushi.

A watan Mayu Mang Isidro ya faɗi a gonarsa ta kwakwa, bai sake tashi ba. Crisanto ne ya zo da tef ya auna shi. Aling Remedios tana tsaye ta ga hannayen saurayin sun ja tef ɗin daga kan mijinta har tafin ƙafarsa. Tun daga ranar, idan ya miƙa hannu don ya kai nata goshinsa kamar yadda ake gaida manya, sai ta juya baya.

"Ban ce yana da laifi ba, 'yata," ta ce wa Amihan. "Amma hannun da ya auna ubanki ba zai saka miki zobe ba."

A gidan Dimaano ba a ce wa manemi an ba shi. Idan Oktoba ta kama, uwar gida takan kira shi ta auna kafaɗarsa, ta yanka masa rabonsa daga bandir ɗin iyali. Wanda ba a auna ba ya san matsayinsa. Oktoba ta zo, keken ɗinki ya yi ta kuka a gidan, ba a aiko wa Crisanto ba.

Efren, ɗan mai kantin yadi, wanda ya daɗe yana kai wa Aling Remedios ayaba da gaisuwa saboda Amihan, ya tare shi a kasuwa da fuskar tausayi.

"Kai ma ka cika sanyi, ɗan'uwa. Bana shigar manoman kwakwa za su yi, da malafa. Ga irin yadinsu, ɗinka naka ka bi ƙarshen layi. Tsohuwa ta ga ka damu, zuciyarta ta yi laushi."

Crisanto baƙo ne daga garin Lucena. Bai san abin da kowane yaro a Sariaya ya sani ba: ƙarshen layin Dimaano gurbin mamacin ne. Mafi kusa da shi a cikin masu rai shi ke tafiya a gaban gurbin, kuma ba mai waiwaye har a koma gida. Amihan ba ta taɓa faɗa masa ba, domin a gidansu ba a ambaton zancen.

Ranar jajiberi hadari ya rufe dutsen Banahaw, gari ya yi duhu da wuri. Crisanto ya laɓe a bayan katanga har layin ya wuce, sannan ya bi baya. Rigar da ya ɗinka da kansa ta yi masa tsawo, dole ya tattare ta da hannun hagu, kyandir kuma a dama.

Babu jita a bana. Muryoyi ne kawai, da sautin silifas a kan jiƙaƙƙen titi. Da suka shiga hanyar da ta ratsa gonakin kwakwa, inda babu fitila, ya sa baki a waƙar, da irin jan murya da Mang Isidro ya koya masa.

Wadda ke gabansa ta daina waƙa. Ta rage tafiya har sauran suka ɗan yi nisa. Karnukan da ke haushi a bukkoki suka yi tsit.

"Isidro," ta ce, ba tare da ta juya ba.

Crisanto ya daina waƙa. Muryar Aling Remedios ce.

Ta ci gaba da magana tana tafiya, kamar mai hira da miji a kan matashi. Ta ce rufin kicin yana yoyo. Ta ce Amihan ba ta cin abinci, tana ɗinki tana share hawaye da bakin yadi. Ta ce ta san yaron nan na kirki ne, ta san shi ya goge akwatin har yana ƙyalli, amma idan ta ga hannayensa sai ta ga waccan ranar.

"Na gaji da yanke hukunci ni kaɗai. In ka yarda da shi, taɓa kafaɗata."

Ta tsaya cak. Kafaɗarta tana gabansa, kusa ƙwarai. Ba mai gani. Ya tuna Amihan, ya tuna watannin da ya yi yana wucewa ta ƙofar gidansu ba ya iya shiga. Harshen kyandir ɗinsa ya kwanta gefe guda, ko da yake babu iska, wani ƙamshin danyen man kwakwa ya gifta ta gefensa.

"Aling Remedios," ya ce, "ni ne, Crisanto. Ban san cewa wurin nasa ne ba. Ku gafarce ni."

A karo na farko a tarihin gidan, wata ta waiwaya. Ta ɗaga lulluɓinta ta dube shi. Ya yi zaton mari ne zai biyo baya, amma idonta ya sauka a kan hannayensa, ɗaya da kyandir, ɗaya cike da tattararren yadi. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗora tafinta a kan kafaɗarta ta hagu, ta yi alamar gicciye, ta juya ta bi layi.

Kafin ya isa shago saƙon Amihan ya riga shi.

"Ka tsaya a gurbin Tatay kamar wasa. Nanay ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kada ka kira ni."

Bai kira ba, bai kuma ambaci sunan Efren ba. Amihan da kanta ta tuna kanti ɗaya ne a garin ke sayar da irin yadin. Ta je ta tsaya a gaban Efren, ta tambaye shi a gaban mahaifinsa, ya kasa ɗaga kai. Daga can ta rubuta:

"Kafintana, na yi maka saurin fushi. Nanay ta ce ka zo. Ban san me za ta ce ba, ni ma tsoro nake ji."

Ya sami Aling Remedios zaune kusa da keken ɗinki. Ta tambaye shi ko ya taɓa ta a hanyar nan. Ya rantse bai taɓa ba.

"Na sani," ta ce. "Na ga hannayenka. Amma an taɓa ni, kafin ka buɗe baki. Ban san mene ne ba, kuma Fada, limamin cocinmu, ya ce in bar wa Ubangiji saninsa. Abin da na sani shi ne, da ka ga dama da ka sami 'yata da ƙarya, ka ƙi."

Ta ɗauko tef ɗinta daga wuya.

"Miƙe tsaye da kyau. Ni masu rai nake aunawa."

Amihan, da ke laɓe a bakin kicin, ta rufe fuska da ƙyallen goge kwano tana dariya tana kuka.

Ba a aure a cikin shekarar makoki, saboda haka suka jira har Yuni. Aka ɗaura a cocin Sariaya da safe, rana fes, dangi sun cika kujeru. Bayan Fada ya sa albarka, Crisanto ya durƙusa gaban surukarsa ya miƙa hannu. Ba ta bari ya kai nata goshinsa ba tukuna. Ta riƙe hannayensa biyu a cikin nata, ta ɗora na Amihan a kai.

"Ubangiji ya ba ku tsawon rai tare," ta ce, "ya sa aikin da za ka yi wa gidan nan na gaba ya zama gadon jariri."

Jama'a suka amsa da amin.