Yashin da Hambali Ya Ɗebo

Ku matso kusa. Ke Zuwaira, rage fitilar nan. Wanda kuma ya san ba zai iya fita fitsari shi kaɗai ba ya tashi tun yanzu, don ba na raka kowa.

Hambali shi ne mai kula da kwamin ninkaya a wani otal, can wajen Wudil. Aikinsa ɗaya ne, ruwa ya zauna garau har a riƙa hango tayil ɗin ƙasa. A bayan kwamin akwai wani ƙaton tanki cike da yashi. Inji ke tura ruwa ta cikinsa, yashin ya riƙe datti, ruwa ya fito fes. To shi ma yashi yana tsufa. In ya jima sai ya yi santsi, ya dunƙule, datti ya riƙa wucewa abinsa.

Haka aka yi da damina. Ruwa ya fara yin fari-fari, daga nan ya koma kore shar. Hambali ya daɗe yana roƙo a sayo sabon yashi, irin wankakken nan da ake kawowa a buhu daga Legas, Manaja yana cewa sai an gani. Da aka tashi saye kuma, ruwa ya cinye gada, mota ta maƙale a hanya. Amma ku ji ƙarfin hali irin na mai kujera.

"Ranar Juma'a manyan baƙi za su sauka," in ji Manaja. "In ban ga ƙasan kwamin nan ba, ka ba ni makullin ɗakina."

Ɗakin nan na bayan otal shi kaɗai ne rufin da Hambali yake da shi a duniya. A ciki matarsa Barira take kwance da jariri, ko suna ba a yi ba. Baƙi ne a garin, ba uwa ba gwaggo. Shi da kansa yake dafa mata ruwan wankan jego, shi yake zubar da ragowar a bayan ɗaki. Bai kuma taɓa zubarwa ba sai ya ce, "Bismillahi, a kauce," yadda aka koya mana duka, don kada a ƙona 'ya'yan waɗanda ba a gani.

Ranar Alhamis hankalinsa ya gama tashi. Ya ɗauki baro da buhuna da rariya ya nufi gulbi da tsakar rana, lokacin da masu ɗibar yashi duk sun hau tudu sun bar wurin. Ya san abin da ya sa suke barinsa. Tsoro yake ji, amma tsoron ruwan sama a kan jariri ya fi.

Yashin bakin gulbi rabinsa laka ce. Ya tankaɗe, ya wanke, ya sake tankaɗewa, abin da ya samu bai cika kwano ba. Sai ya zauna a kan baro ya dafe kai.

"Yashi kake nema?"

Wata mata ce a tsaye, ta lulluɓe da baƙin zane. Muryarta kamar daga cikin randa take fitowa.

"Shi nake nema, Inna. Mai tsabta."

"Biyo ni."

Ya bi ta. Rana na dukan ƙasa, amma gefen zanenta ɗiga yake yi. Ya dubi ƙasa. Sawunsa na nan a kan jiƙaƙƙen yashi. Nata babu. Ya gani sarai, kada ku ce bai gani ba. Ya kawar da ido ya ci gaba da tura baro.

A bayan wani dutse ta tsaya. Yashi ne fari tas, ƙwayarsa duk kai ɗaya, ko tsinke babu.

"Ɗebi," ta ce. "Yarana na wasa a ciki. Ka kula da su."

Bai ga yaro ko ɗaya ba. Bai kuma tambaya ba.

Da ya koma otal ya kashe inji, ya buɗe tanki, ya kwashe tsohon yashi. Ya zuba ruwa zuwa rabi don kada nauyi ya fasa ƙananan bututun da ke ƙasa, ya ɗaure bakin na tsakiya da leda, sannan ya juye sabon yashin a hankali. Sanyi gare shi har cikin ƙashi. Ya juya ruwa baya don ya wanke shi, sai ya ga ba abin wankewa. Ya kunna inji.

Aikin da kan wuni ya kwana, kafin rana ta faɗi ya kammala. Koren nan ya ɓace. Manaja ya zo ya leƙa, ya ga tayil, ya ce ai dama ya san lalaci ne kawai, ya wuce. Hambali bai damu ba, daɗi ya ji har ƙwalla ta zo masa.

Saura abu ɗaya, kulorin, farin garin nan da ke hana ruwa sake yin kore. Ya dama shi a bokiti, ya zagaya kwamin yana watsawa. Bakinsa a rufe. A wurinsa magani ne, da ruwan sanyi aka dama, me zai sa a ce a kauce?

Sai ruwan ya yi ƙara. Siririya, can ƙasa, irin ta 'ya'yan kyanwa. Kafin ta ɗauke, jaririnsa ya callara kuka daga ɗaki.

Ya ruga. Barira ta yaye wa yaron zane. Bayansa ya yi jawur ya tattashi, ɗakin kuma duk warin kulorin.

"Malam, ban sa masa komai ba. Wallahi ban sa masa komai ba."

Ya dawo bakin kwami. Matar nan ta gulbi na zaune a gefe, ta tsoma ƙafafunta, ruwan ko motsi bai yi ba.

"Kullum kana faɗa in za ka zubar da ruwan matarka," ta ce. "Yau me ya kama bakinka?"

"Inna, wannan ba shi da zafi."

"Dubi hannunka."

Ya duba. Shekara da shekaru garin nan yana cin fatar yatsunsa, sun yi fari sun tsattsage. Ya durƙusa.

"Ki yi min rai. Ban sani ba."

"Autana ya ƙone. Ka mayar min da su gida kafin gari ya waye, da yashin duka. In ba haka ba, naka zai raka nawa."

"Gobe Juma'a, Inna. In na kwashe, waje za a jefa mu. Ga damina. Ki bari baƙin su zo su tafi."

Daga ɗaki kukan yaron ya fara yin ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya fi na farko ban tsoro.

Hambali ya tashi ya kashe inji. Ya kwashe yashin kwano-kwano, yana kuka, yana cewa a kauce, a kauce. Ya share ƙasan tanki da tafin hannu don kada ƙwaya ta rage. Ya tura baro cikin duhu har bayan dutsen, ya juye, ya juyo bai waiwaya ba.

Da ya dawo ya tarar da yaron yana barci a ƙirjin uwarsa, bayansa sumul. Kwami kuwa ya koma kore, har da kumfa.

Manaja ko saurarensa bai yi ba. Da hantsi suka fito ana yayyafi, Hambali da katifa a ka, Barira ta rufe jaririn da leda. A rumfar wani mai shayi aka raɗa masa suna, ba rago, ba kowa nasu. Ana cikin addu'a ruwa na ɗigo musu ta jinka, Hambali ya rungume ɗansa ya juya wa ɗigon baya.

Saboda haka in an aike ku gulbi, kada wanda ya sauka shi kaɗai da tsakar rana. In kuma kun ga yashi ya fi na ko'ina haske, yana da masu shi, ku bar musu abinsu. Ku tashi ku kwanta.