Allurar da Ta Kwana a But

"To ki rantse ba ke ba ce."

"Ba zan rantse ba, Yaya. Shekara huɗu makullin nan yana hannuna, sai yau zan zama ɓarauniya?"

A haka Sufeto ya same su. Mai kemis, wanda 'yan unguwa ke kira Likita alhali ko kaza bai taɓa yi wa allura ba, shi ya kira 'yan sanda da sassafe: an kwashe allurar masu ciwon suga daga firij, kwali shida. Wadda yake nuna wa yatsa kuwa Auta ce, ƙanwar matarsa, mai tsaron shagon. A waje tsofaffi uku na zaune kan benci suna jiran allurarsu, kunnuwa a miƙe.

Sufeto ya duba kwaɗo, lafiyarsa ƙalau. Ya buɗe firij, ya leƙa sama inda ake ajiye ƙanƙara. Wayam.

"Ɓarawon nan akwai tausayi," in ji shi. "Har ƙanƙara ya ɗiba kada magani ya lalace. Malama, in wuta ta ɗauke yaya kuke yi?"

"A kula muke jerawa da ƙanƙara, a kai firij ɗin gida."

"Ina kular?"

Ta leƙa ƙarƙashin kantar shagon, babu kula. Ta ɗago ta dubi mijin yayarta.

"Likita, ƙarfe nawa ka tashi daga shago jiya?"

"Tara. Kafin goma na yi barci kamar jariri."

Wannan jariri dai idonsa ja ne kamar garwashi, ya sa maɓallin wuya a ramin na ƙirji, kwandon shararsa kuma cike da gwangwanayen lemon nan mai hana barci. Sufeto ya fita wurin mai gadi.

"Baba, me ka gani cikin dare?"

"Ko kyanwa ban gani ba, yallaɓai."

"Kujerarka fa? Kyanwar ce ta take ta?"

Kujerar ƙarfe ce, shuɗiya, ta lotse ta manne da bango. Tsoho ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Iyali gare ni, yallaɓai, kada a kore ni. Wajen ƙarfe uku wuta ta ɗauke. Na zagaya fitsari ke nan na ji ƙara. Maigida ne, ya kifa kai a sitiyari yana minshari, mota na ci gaba da tura bango. Na farkar da shi, ya ce mini sannu da aiki, ya ja ya tafi. Da ina zaune a kai, da yanzu ana zaman makokina."

Sufeto ya shafa gaban motar Likita, shuɗin fenti ya biyo yatsansa.

"Buɗe mana but ɗin motar."

Ga kula nan zaune lafiya. Auta ta riga kowa kai hannu, ta zaro kwali ta manna a kumatunta.

"Da sanyinsa," ta ce, ƙwalla na zubo mata. "Bai lalace ba."

Tsofaffin benci suka yi hamdala a tare. Likita kuwa ya zauna a ƙasa daɓas.

"Wallahi ban tuna ba. Kwana uku ban runtsa ba. Na sallami mai aikin dare, na ce ni zan iya haɗawa da na rana. Na tuna wuta ta ɗauke, daga nan sai ganina na yi a ƙofar gida da takalmi ɗaya."

"Bayanin ƙarya, ga tuƙi cikin barci," in ji Sufeto, yana zare makullin motar daga hannunsa. "Kofur, riƙe shi, kada ya faɗi. Muna da benci mai tsawo a ofis. In ya tashi sai ya rubuta bayani."

Kofur ya ɗago shi. Likita ya juyo a marairaice.

"Auta, ki yafe mini. Ki riƙe shagon kafin in dawo. Kuma don Allah kada yayarki ta ji."

Auta ta mayar da kwalaye firij, ta ba tsofaffi nasu ɗaya bayan ɗaya har da tambayar jikoki. Sannan ta rataya jakarta.

"Shagon ma yau barci zai yi. Ni kuwa daga nan sai wurin yayata, kuma daga farko zan faro mata."

Ta fice ta maka ƙofar har kwalaben shagon suka yi rawa.